Ƙahon Wule

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, domin mai shi tana nan da ranta, kuma ba ta son a riƙa maganarta. Ita da kanta ta ce in rubuta, in dai ba zan ƙara masa gishiri ba.

"Ummulkhair, shanunki ba su da ƙashi."

Madam Jane ce ta faɗi haka, tana ɗage da zanen daidai hasken taga. Ita ce shugabar sashen zane-zane a kwalejin da ke Gumel, mutuniyar Filato, ta daɗe a garin har bakinta ya zama na 'yan gari. Ranar duban jaka ce. Ƙarshen kowane zango ɗalibi yakan kwaso duk abin da ya zana cikin babbar jakar kwali, ya baje a tebur, malamai su duba a gaban 'yan aji.

Ummulkhair ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Karanta mana abin da kika rubuta a murfin jakarki farkon shekara. Me kika ce kina son koya?"

Da kyar muryarta ta fito.

"In iya zana saniya tana tafiya."

"To dubi nan. Idon nan yana da rai, har ji nake kamar za ta miƙo harshe ta lashe ni. Amma ƙafafun fa? Kamar an cusa auduga a buhu. Wannan saniyar in ta ɗaga ƙafa, faɗuwa za ta yi."

Wata ta yi dariya daga baya. Sabuwa ce, 'yar Maigatari, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

"Ikon Allah. Bafulatana ba ta san saniya ba, to wa zai sani?"

Ummulkhair ta tattara takardunta ta fita. Ba ta tsaya ko'ina ba sai gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin zane, ta kifa kai a gwiwa. Ba maganar Madam ce ta fi yi mata ciwo ba. Saniyar da aka yi wa dariya ba kowace saniya ba ce, Wule ce. Tun tana maraƙa mahaifiyarta ta ba ta ita, kafin ta rasu, kuma duk shanun da ke cikin jakar nan ita ɗaya ce: Wule a kwance, Wule a bakin rijiya, Wule ta juyo da farin goshinta.

"'Yar Fillo, in kin gama kukan ki ara mini ido kaɗan."

Ta san muryar. Yazid ne, ɗan ajinsu, shi ma daga Maigatari. Ya tsuguna can nesa kaɗan, ya tsinci kara ya fara zane a yashi.

"Kin ga nan, a ƙafar baya? Abin da kike ɗauka gwiwa ce, ba gwiwa ba ce, dunduniya ce. Gwiwar tana can sama, ta ɓuya a jikin ciki. Saniya a kan yatsunta take tafiya."

Ba ta ɗago ta dube shi ba. A rugarsu, can gefen Sule Tankarkar, yarinya ba ta tsura wa namiji ido. Hannunsa ta bi da kallo. Dogayen yatsu, da wani farin tabo da ya taso daga gindin babban yatsa ya gangara wuyan hannu. Kafin hawayenta ya bushe ƙafar saniya ta tsaya a yashi, ƙashi a kan ƙashi, kamar ta taka ta wuce.

"Ina ka san wannan?"

Ya yar da karan.

"Babana ɗan kara ne. A cikin shanu na tashi."

Ta ɗauka dillali ne a kasuwar shanu, ba ta ƙara tambaya ba.

"Kada ki damu, ni ma Madam ba ta bar ni ba," in ji shi. "Cewa ta yi nawa shanun ƙashinsu daidai, amma ba sa numfashi. Me zai hana mu yi musaya? Ki ba ni numfashi, in ba ki ƙashi."

Ta danne dariya da gefen hijabi.

Tun daga ranar, in an tashi darasi da la'asar sai su bi 'yan aji zuwa mashayar da ke bayan gari, kowa da allonsa da gawayinsa. Shi ya nuna mata inda kafaɗa take zamewa in saniya ta miƙa ƙafa. Ita ta nuna masa abin da bai taɓa lura da shi ba.

"Waccan jar ba ta da lafiya."

"Ta yaya kika sani?"

"Ba ka ga kunnenta ba? Kuma ta bar 'yan uwanta sun riga ta ruwa. Waccan kuwa fushi take, an raba ta da ɗanta."

"Saniya tana fushi?"

"Wule takan yi kwana biyu ba ta kula ni in na dawo hutu. Sai na ba ta haƙuri da kanwa."

Yana sauraro, gawayin ya tsaya a hannunsa. Ta daɗe tana ba shi labarin Wule, yadda ƙahonta na hagu ya lanƙwasa ciki fiye da na dama, yadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita ko goggonta. Ba ta taɓa yin doguwar magana haka da wani namiji ba.

A ɗakin kwanan ɗalibai, ƙawarta Queen, 'yar wani ma'aikacin asibiti, ta buɗe jakarta tana neman abin goge fensir, sai ta ci karo da wasu takardu.

"Ummu, hannun wane ne wannan? Ga shi nan, ga shi nan kuma... har da tabo. Yarinya, kin kamu."

"Ajiye mini. Gwaji ne."

"Gwaji da hannu ɗaya kullum? To faɗa mini, yaron nan yana da gemu ko ba shi da shi?"

"Ni ina na sani."

"Wallahi in aka jera shi da mutum uku ba za ki fitar da shi ba sai sun miƙo hannu. Ki riƙa kallon mutum, ba cizonki zai yi ba."

Ummulkhair ta fizge takardun ta tura ƙarƙashin katifa, kunya kamar ta nutse.

A shekararsu ta ƙarshe aka tura su koyon koyarwa, ita da shi suka faɗa wata firamare a Gagarawa Tasha. Can ne wata rana, suna jiran motar komawa Gumel, ya yi maganar.

"Khairi, in mun gama ina so in zo in gaida Baffa."

Ta kafa ido a kan takalminta.

"Ai kowa yana gaishe shi."

"Ba irin wannan gaisuwar ba. Ke ma kin sani."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ko ba kya so? In ba kya so ki ce, zan haƙura, sai dai ban san yadda zan yi ba. Ni tun ranar da kika ce saniya tana fushi, ban ƙara kallon komai yadda nake kallonsa a da ba."

Ta ja ɗan layi a ƙasa da bakin takalmi.

"Zai zo ranar duban jaka na ƙarshe. An ce iyaye su zo."

"Shi ke nan amsar?"

"Mota ta zo," in ji ta, ta riga shi tashi, amma ya ga gefen kumatunta yana motsi.

Da ta je gida hutun rani, turken Wule wayam. Ta tsaya da ƙullin kanwa a hannu.

"Baffa, ina Wule?"

Mahaifinta, Malam Ya'u, wanda take kira Baffa, yana gyaran igiya, bai ɗago ba.

"Ta bi yayanki kudu da sauran. Babu ciyawa a nan bana."

"Amma ba a taɓa tafiya da ita ba."

"Bana an tafi."

Goggo, yayar Baffa da ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta tashi ta shige ɗaki. Ranar komawa makaranta Baffa ya biya duk abin da ake bin Ummulkhair, ya kuma sa aka sayo mata fenti da burushi da manyan takardu daga Kano, irin waɗanda aikin ƙarshe yake buƙata. Ta yi ta godiya. Ba ta tambayi inda aka samu ba, shekaru biyu ke nan ciwo yana cin garkensu, ta ɗauka gero aka sayar.

Yazid ya dawo hutu da wani farin ciki da ya kasa ɓoyewa.

"Na samo miki kyauta. Ba ki taɓa samun irinta ba."

"Mene ne?"

"Sai ranar duban jaka. Ita ce aikina na ƙarshe, in Madam ta gama dubawa ta zama taki. Daga ranar ba wanda zai ƙara cewa shanunki ba su da ƙashi."

Ranar ta zo. Aka share babban ɗakin zane, kowa ya jera aikinsa a bango. Ƙa'idar ita ce ɗalibi ya nuna jakarsa, sannan ya zana abin da ya ce yana son koya a gaban malamai. Iyaye suka zauna a benci ta baya. Baffa ya zo da farar rigarsa ta Juma'a da malafa, ya ajiye sandarsa a ƙofa. Can gefe kuma wani dattijo ne kakkaura cikin shuɗiyar shadda, yana ta fara'a da kowa.

Aka kira Yazid kafin ita.

A kan teburinsa akwai wani abu lulluɓe da farin ƙyalle, bayansa manyan zane guda uku a juye. Ya juyo da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yaye ƙyallen.

Ƙoƙon kan saniya ne, fari tas, an wanke an goge har yana ɗaukar ido, ƙahonin nan biyu a miƙe. Na hagu ya lanƙwasa ciki fiye da na dama.

"Abin da na ce ina son koya," in ji Yazid, "shi ne in sa numfashi a zanena. Na fara daga ƙashi, na mayar masa da nama, na mayar masa da ido."

Zane na ukun saniya ce mai farin goshi, ta juyo tana kallon mai kallonta.

Madam Jane ta cire tabarau ta matsa kusa.

"Yazid... wannan tana numfashi."

Ummulkhair ba ta san ta tashi ba. Ta ratsa tsakanin benci kamar mai tafiya cikin ruwa, Queen tana jan hijabinta ba ta ji ba. A ranta tana cewa shanu suna kama, shanu da yawa suna kama. Ta isa teburin, ta zura hannu ta bayan ƙahon hagu, can gindi, inda ba ya fitowa a zane, inda ba ta taɓa zanawa ba.

Yatsanta ya faɗa cikin 'yan tsagu uku.

Mahaifiyarta ce ta yi su da wuƙar sassaƙar ƙwarya, ranar da ƙahon ya fara ƙwari, ta ce, ga shaidarki nan, ko a tsakiyar dubu kika laluba za ki gane taki.

"Khairi?" in ji Yazid a hankali. "Kin ga yadda take kama da taki? Tun da na gan ta na ce wannan kamar daga jakarki ta fito. Shi ya sa na roƙa a bar mini kan..."

"Wule ce."

"A'a, Wule ai tana kudu, ke kika faɗa mini..."

Ta juya ta dubi benci na baya. Baffa ya sauke malafarsa ya rufe fuska da ita.

 Nan take Sabuwa ta matsa kusa da Baffa ta durƙusa, murya kamar zuma.

"Sannu Baba. Ai ba ka san shi ba ko? Yazid ne, wanda yake neman Ummulkhair. Ɗan gidan Malam Ɗantala mahauci, na bakin kara. Ga baban nasa can, mai shuɗiyar shadda. Ran Alhamis ma shi yake kama masa fiɗa, gwani ne sosai."

Daga baya aka ji cewa ita ce ta ba Yazid shawarar ya ɓoye kan sai a gaban Baffa, wai Bafulatani zai ji daɗin ganin an girmama ƙaho. Ta daɗe tana son Yazid, unguwarsu ɗaya.

Ummulkhair ta dubi hannun da ke riƙe da farin ƙyallen. Tabon nan da ta zana sau ba adadi. Sai yanzu ta san abin da ya yi shi.

"Kai ka..."

"Ban yanka ba, wallahi ban yanka ba. Igiya na riƙe." Muryarsa ta karye. "Ni na feɗe. Khairi, ban sani ba."

Ta yi baya za ta faɗi. Queen ce ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

A waje, gindin darbejiya, dattawan biyu suka tsaya fuska da fuska. Yazid ya zube a gaban Baffa.

"Baffa, ka yafe mini. Da na sani, da ni zan saye ta in dawo da ita har ruga."

"Tashi, yaro. Ba ka yi laifi ba. Ni na kai ta kara da ƙafata, na miƙa wa dillali igiya. Wanda ya saya ya yi sana'arsa."

"To maganar Ummulkhair..."

"Wannan kuma babu ita."

"Baffa, na bar fawa. Malamin makaranta zan zama. Ba zan ƙara taɓa wuƙa ba, na rantse."

"Ba wuƙar hannunka ba ce. Mu ba ma ba mahauci 'ya. Kakana bai bayar ba, ubana bai bayar ba. In na bayar, ba mai ƙara shan ruwa a gidana, ƙannenta kuma ba mai nemansu."

Fara'ar Malam Ɗantala ta ɗauke gaba ɗaya. Ya gyara rigarsa.

"Malam, ranar sunan 'yarka wa ya gyara muku rago? In saniyarku ta karye a daji, wa kuke aikowa a kira? Kuɗinmu halal ne a aljihunku, 'ya'yanmu ne ƙazanta?" Ya juya wurin ɗansa. "Tashi. Ka ce ka bar fawa, a gabana? Da fawar aka yi maka karatun. Tashi mu tafi, ban haifi wanda zai durƙusa wa mai ƙyamarsa ba."

Madam Jane ta ɗage wa Ummulkhair nata duban jakar zuwa bayan hutu.

"Je ki gida, 'yata. Aikinki ba zai gudu ba. Amma sai kin zo kin zana ta tana tafiya, in ba haka ba ba ni da abin da zan sa wa hannu."

A gida ta yi kwanaki ba ta magana. In an sa nama a miya sai ta ture kwanon. Ta daina bi ta wajen turke. Wata safiya Baffa ya same ta a bayan ɗaki tana zaune kawai, ya zauna a kan turmi nesa da ita.

"Kin yi fushi da ni."

"A'a, Baffa."

"Kin yi. Ita kaɗai ta rage mai tsoka. Sauran ba mai saye. Na duba ke, na duba ita. Na ce uwarki ta ba ki ita don ta amfane ki, ba don ki zauna kuna tsufa tare ba."

"Da ka faɗa mini, da na bar karatun."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Ta share ido.

"Baffa, shi fa? Bai yi komai ba. Mutumin kirki ne."

Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Na ga alama. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi."

Ya tashi ya tafi, kafaɗunsa a sunkuye.

Goggo ce ta fi shi zafi.

"Ko Baffanki ya yarda, ke za ki iya? Ki ci tuwo kwano ɗaya da hannun da ya ɗaye mata fata?"

Ummulkhair ta buɗe baki za ta ce za ta iya. Maganar ta ƙi fitowa. Abin da ya fi komai cin ranta ke nan. In ta rufe ido tana son ganinsa, hannun ne yake zuwa, don shi kaɗai ta sani, kuma yanzu ba ya zuwa da karan zane. Amma in wayarta ta yi ƙara, zuciyarta sai ta buga, ta duba, ta kasa ɗauka, ta kuma kasa kashewa.

An ce wani kawun Yazid ya zo ruga da limamin unguwarsu. Baffa ya shimfiɗa musu tabarma, aka kawo musu fura da nono, aka raka su har bakin hanya. Amsar ba ta canza ba.

Ta koma Gumel ana gobe duban jakarta. Da la'asar Queen ta leƙo.

"Yana gindin bishiyarku. Ya ce ba zai daɗe ba. Ummu, ki je, don Allah. In ba ki je ba za ki yi ta cizon yatsa har tsufanki."

Ta je. Ta tsaya inda ta saba zama, shi ya tsuguna inda ya saba, nesa kaɗan. Akwai wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle kusa da ƙafarsa.

"Kin rame."

Ta kafa ido a kan ƙullin.

"Damagaram zan tafi. Ƙanin mahaifiyata yana fentin manyan motoci a can, ya ce in zo. Motar da zan bi tana lodi a Maigatari yanzu haka."

"Takardarka fa?"

"Za a aiko mini. Madam ta ce na ci." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na ci da Wule. Kullum in na tuna sai in ji kamar in ƙona zanen."

"Kada ka ƙona. Ta yi kyau."

"Ke kika ba ni ita. Da bakinki kika zana mini ita kafin in gan ta, shi ya sa na gane ta ban gane ta ba." Ya tura ƙullin gabanta. "Na yi ta tunani ko in binne, ko in kawo. Mu a gidanmu, in kai ya yi kyau ajiye shi ake yi, girmamawa ce. Ban taɓa tunanin yadda zai zama a idon wadda ta ba ta kanwa da hannunta ba. Taki ce. Ki yi yadda kika so da ita."

Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

"Me ya sa ba ka faɗa mini sana'arku ba tun farko?"

"Da kin ƙara zama kusa da ni a mashaya?"

Ta murza bakin hijabinta.

"Khairi. Khairina. Abu ɗaya nake roƙo." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara uku ba ki taɓa kallona ba. Ɗago ki dube ni sau ɗaya, in tafi da shi."

Ta so ta ɗago. Allah ya sani ta so. Wuyanta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, kunya ta riƙe gefe, kuka ya riƙe gefe. Idonta yana kan hannunsa da ya dafa ƙasa, tabon ya yi fari a cikin yashi. Ta ce a ranta bari in share hawayen nan tukuna, kada ya gan ni haka.

Hannun ya ɗaga daga ƙasa.

"Ba komai," in ji shi. "Allah ya ba ki wanda Baffa zai yi alfahari da shi."

Ta goge ido da hijabi, ta ja numfashi, ta ɗago.

Bayansa ta gani. Farar riga, kafaɗa a ɗan karkace, yana tafiya da sauri wajen ƙofar makaranta. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta tuna ba ta taɓa kiran sunansa ba, harshenta bai san hanyar ba. Wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya hau, suka sha kwana.

Washegari da safe ta riga kowa zuwa ɗakin zane. Ta kwance ƙyallen, ta ajiye kan a tebur, ta daɗe tana bin sa da yatsa, ramin ido, doron hanci, gindin ƙaho, tsagun nan uku. Da Madam Jane da sauran malamai suka shigo, sun tarar ta manna babbar takarda a allo, irin wadda Baffa ya sayo daga Kano.

"Kin shirya?"

"Na shirya, Madam."

Ta fara daga ƙashi. Dunduniya a inda take, gwiwa a ɓoye jikin ciki, kafaɗa ta zame gaba. Sannan ta mayar da nama, ta mayar da fata, ta bar goshin fari.  Da ta ja baya, Wule tana tafiya, ƙafar gaba a sama, kai a ɗan juye kamar wadda aka kira.

Madam ta matsa kusa da allon.

"Ta tafi," in ji ta a hankali. "Kin ci, Ummulkhair. Ajiye gawayin."

Ba ta ajiye ba. Ta koma jikin allon, ta zana hannu a kan wuyan saniyar, ba igiya, ba komai, a dafe kawai. Dogayen yatsu, da tabo daga gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu. Ta ja damtsen, ta ja kafaɗa, ta kai wuya.

Nan gawayin ya tsaya.

"Ƙarasa mana," in ji Madam. "Ina fuskar?"

"Ban kalle ta ba, Madam."

Ta ajiye gawayin a bakin allo, ta naɗe kan Wule cikin ƙyallensa, ta rungume shi a ƙirji, ta fita neman motar Sule Tankarkar.